Kwamfuta ta daina ganin had disk, kafin ka yarda ayi maka fomat

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, kace jiya lafiya lau ka kashe laftof ɗinka, yau da ka kunna sai baƙin allo da rubutun "No bootable device", kuma abokinka yace ko dai had disk ne ya mutu ko a ɗora sabon Windows kawai a wuce wajen, alhali aikinka na shekaru da hotuna duk suna ciki babu kwafinsu a ko'ina. To maganar ɗora sabon Windows ɗinnan ka ajiye ta gefe tukuna. Ba wai bazata tashi ba, sau da yawa ma tashi take, amma in disk ɗin lafiyarsa ƙalau kaga ka goge aikinka da hannunka akan matsalar da bata taka kara ta karya ba, in kuma disk ɗin gargara yake to ɗan sauran ƙarfin da ya kamata ayi amfani dashi a kwashe fayilolinka shi zaka ƙarar wajen rubuta masa Windows. Ta kowane ɓangare kai ne a ƙasa.

Wannan rubutun baya nufin disk ya mutu. Abinda kwamfutar take cewa kawai shine ta duba bata samu abinda zata tashi dashi ba. Kuma kalmar "bata gani" da mutane ke faɗa ta haɗa cututtuka daban daban, akwai wanda madabod ne, wato babban allon cikin kwamfutar, sam baya jin akwai disk a jikinsa, akwai wanda yana ganinsa sarai amma hanyar da zai bi ya tada Windows ce ta ɓata, akwai kuma wanda Windows ya tashi normal amma disk na biyu ko na waje ne ya ƙi bayyana. Maganin ɗaya yana iya zama gubar ɗaya, shi yasa nake jin haushin mai gyaran da ko BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, bai buɗe ba zai yanke hukunci.

Amma kafin BIOS ma, kunnenka zaka fara sawa. Baka faɗa min ko disk ɗin mai juyawa bane ko SSD, wanda ke ajiya a cikin cif cif babu faifai. In mai juyawa ne ka shiga wuri mai shiru, ka kunna, ka kara kunnenka a gefen da yake. Mai lafiya zakaji ya ɗauki juyi a hankali ya daidaita, ɗan "shhhh" mara yankewa, faifan ciki ne ke zagaye 5400 ko 7200 a minti ɗaya. In kaji ƙas, ƙas, ƙas a jere sai yayi shiru sai ya sake, ko kaji wani ɗan kuka tsii tsii kamar mota na son tashi ta kasa, ko ƙarar gurza, to kashe ta nan take kar ka ƙara kunnawa "ko zata yi". Dalili kuwa allurar dake karatu bata taɓa faifan, shawagi take a samansa da tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai, da zarar ta lanƙwashe ko ta sauka a kai duk juyi ɗaya kankare fentin maganaɗisun take, kuma a cikin fentin nan hotunanka suke. Abinda ya zama ƙura babu wani masani a duniya da zai dawo dashi. Na sha ganin disk ɗin da da ranar farko aka kawo shi za'a iya ceto komai, amma mai shi ya kwana uku yana kunnawa yana kashewa. SSD kam babu abinda ke motsi a cikinsa, shiru yake da lafiya shiru yake da ciwo, kunne bazai gaya maka komai ba.

In sautin lafiya ne ko SSD ne, cire duk abinda ke maƙale a jikin laftof ɗin, filasha, memori kad, firinta, har wayar da kake caji, ka sake kunnawa. Kar ka raina wannan, filasha ɗaya da aka manta a jiki ta sa mutane da yawa kuka a banza. In bata tashi ba sai ka shiga BIOS. Da ka danna maɓallin kunnawa ka fara bubbuga makullin tun kafin tambarin kamfani ya wuce, Dell da Acer da Asus yawanci F2, HP kuma F10 ko ka danna Esc ya baka zaɓi, ThinkPad F1, destof da yawa Del. A ciki ka nemi inda aka jera kayan ajiya, wani sa'in a shafin farko, wani sa'in ƙarƙashin Storage ko SATA ko System Information. Abinda kake nema sunan disk ɗin ne da girmansa, zakaga lambar da ta fara da ST in Seagate ne, ko WDC, ko Toshiba, ko Samsung, da 500GB ko 1TB a gefe. Ka lura fa, wurin jera kaya zaka duba ba jerin but ba, wato jerin abubuwan da kwamfuta ke tashi dasu, saboda a kwamfutoci masu UEFI, sabon salon BIOS, disk yana iya kasancewa daram amma bai fito a jerin but ba tunda ba'a samu fayil ɗin tashi a kansa ba. Kuma in yana nan amma girman ya nuna 0MB ko wani suna na banza mara kan gado, wannan ba saiti bane, disk ɗin ne da kansa ya kasa karanta bayanan kansa. Dell tana da gwajin kanta in ka danna F12 ka zaɓi Diagnostics, HP ma haka ta F2, ɗan gajeren gwajin disk ɗin ya isheka, kar kayi dogon.

Mu ɗauka BIOS bai ganshi ba sam. Har yanzu ba'a fidda rai ba, domin tsakanin disk da madabod akwai mahaɗi, kuma mahaɗi yafi disk saurin bada matsala musamman a laftof da ake sawa a jaka ana jijjigawa. Kashe, cire caja, cire batir in mai ciruwa ne, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 sauran wutar dake ciki ta zube, ka gwada. Wani lokaci nan kaɗai magana ta ƙare. In bata ƙare ba ka buɗe murfin ƙasa, in batirin na ciki ne ka zare filoginsa daga madabod kafin ka taɓa komai, ka taɓa wani ƙarfe da hannunka ka sauke wutar jikinka, sannan ka zare disk ɗin ka duba haƙoransa ka mayar dashi ya zauna sosai. Wasu laftof kai tsaye disk ke shiga soket, wasu kuma akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar ribon, ita ce mayaudariya, zaka ganta fes babu alamar komai amma ta karye ta ciki a wurin lanƙwasa. In SSD ɗin M.2 ne, ɗan siririn nan mai faɗin milimita 22 tsawon 80, sukuru ɗaya ne ke riƙe dashi, kwance shi, zare, mayar a karkace sannan ka kwantar ka ɗaure.

Wanda destof gareshi abin yafi sauƙi, wayoyi biyu ne, ƙaramar mai haƙora 7 ta data, babbar mai haƙora 15 ta wuta. Canza ta data da wata, canza ramin SATA a madabod, ɗauko wani bakin wuta daga fawa saflai, akwatin dake rabawa kayan ciki wuta, ɗaya bayan ɗaya don ka gane wanne ne mai laifin. Ɗora hannu akan disk ɗin in an kunna, in babu ko ɗan kaɗawa to wuta bata isa gareshi ba ko allon dake bayansa ya ƙone. Abu biyu da ke kama ma'abota haɗa kwamfuta da kansu, na farko wasu madabod in ka saka M.2 sai su kashe ramin SATA ɗaya ko biyu saboda hanya ɗaya suke rabawa, yana rubuce a littafin madabod ɗin amma wa ke karantawa, mutum ya saka sabon SSD tsohon disk ya ɓace yace ya mutu. Na biyu M.2 iri biyu ne, akwai mai yaren SATA akwai NVMe, siffa kusan ɗaya, yana iya shiga ramin ya zauna daidai amma ramin baya jin yarensa. Sai kuma gargaɗi, in fawa saflai ɗinka mai wayoyi masu ciruwa ne kar ka taɓa aro wayar wani ka saka a naka, bakin yana shiga amma jerin wutar ba ɗaya bane, 12 volt zai bi hanyar 5 volt ya soya duk disk ɗin dake jiki a daƙiƙa ɗaya.

Gwajin da ke raba gardama shine a kai disk ɗin wata kwamfuta. Ka samu kes ko wayar dake maida SATA zuwa USB, ka saka shi a ciki ka jona a kwamfuta mai lafiya. In ya fito a can, alhamdulillahi, laifin na ribon ne ko soket ko madabod, kuma kafin kayi murna ka kwashe fayilolinka tukuna, mafi muhimmanci farko, takardu kafin fina-finai. Disk ɗin laftof 5 volt kawai yake buƙata don haka USB ya isheshi, amma ka saka a rami mai shuɗi ko na bayan destof, saboda USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa shi kuwa 3.0 yana kai 900, kuma lokacin tashin juyi ne disk yafi jan wuta, in bata isa ba zai riƙa ƙas ƙas kamar matacce alhali yunwa ce kawai. Babban disk na destof dole sai da adaftarsa ta 12 volt. Kuma don Allah ka duba adaftar da kyau, cajar laftof da yawa 19 volt ce kuma bakinta yana shiga, akwai wanda ya kawo min disk ɗin waje da ya jona wa cajar laftof a duhu, sa'arsa ɗaya ƙaramin dayod ɗin kariya ne ya ƙone ya tare wa sauran.

To anan ne tarkon yake, kuma anan mafi yawan asarar da na gani take faruwa, ba a lalacewar disk ba. Ka jona, bai fito a This PC ba, sai ka danna Windows da R ka rubuta diskmgmt.msc. Windows zai iya tare ka da akwati yace sai kayi "Initialize", ko yace "You need to format the disk before you can use it". Cancel. Kullum Cancel. Windows ba mugu bane, shi dai duk abinda bai iya karantawa ba ɗauka yake sabo ne fil, baisan akwai hoton mahaifiyarka a ciki ba. Duba abinda aka rubuta a jikin disk ɗin a ƙasa. In fatishan, wato yankin disk ɗin da fayilolinka ke ciki, yana nan da shuɗin layi an rubuta NTFS amma babu harafi, dama-danna ka bashi harafi shikenan. In Offline ne ka maida shi Online. In RAW ne ko Unallocated mai baƙin layi, to taswirar ce ta ɓace amma gidajen suna nan, TestDisk kyauta ne kuma yakan nemo fatishan ɗin da ya ɓace, ɗan'uwansa PhotoRec yana tsamo fayiloli koda taswirar ta tafi gaba ɗaya sai dai bazai dawo maka da sunayensu da foldoji ba, zaka sha zaman tantancewa. Duk abinda ka ceto wani disk daban zaka zuba, ba kan mara lafiyan ba. Masu cewa ka buɗe diskpart ka rubuta clean, wannan shawara ce ga wanda baya son komai a ciki. Shima chkdsk da ake yawan turawa mutane bana yarda dashi a wannan matakin, aikinsa ya gyara tsarin fayil ko ta halin ƙaƙa, in yaga abinda bai gane ba yanke shi yake ya jefar a gefe, kuma yana wahalar da disk mai rauni na awanni.

Ka sauke CrystalDiskInfo ka duba lafiyarsa, yana karanta rahoton SMART da disk ke ajiyewa game da kansa. Layuka uku nake fara kallo, 05 wato wuraren da suka lalace aka musanya, C5 waɗanda ake zargi ana jira, da C6 waɗanda suka gagara. In ya nuna rawaya ko C5 ya wuce sifili, ko kwafi yana tafiya sai ya tsaya cak kwamfutar ta daskare, daina kwafi da hannu. Abinda ake yi shine a ɗauki hoton disk ɗin, wato kwafinsa gaba ɗaya, zuwa wani mai girmansa ko fiye, da ddrescue a Linux, shi wayonsa yana fara kwashe wurare masu sauƙi ya tsallake masu ciwo sai daga baya ya dawo musu, kuma yana rubuta inda ya tsaya. Daga nan duk gwaje gwaje akan kwafin ake yi. In baka saba da Linux ba ka nemi wanda ya saba, juya harafi ɗaya tsakanin na ɗauka da na zubawa ya isa ka zuba sabon da babu komai a kan mara lafiyan ka shafe shi. In kuma baka da kes ɗin USB, ka haɗa filashar Ubuntu, wani nau'in Linux, a wata kwamfutar, ka tada laftof ɗinka da ita, ka zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba, daga nan zaka iya buɗe disk ɗin ka kwafa.

Yanzu ɗaya ɓangaren, BIOS ya ganshi da sunansa da girmansa daidai. Ni dai yadda ka bada labarin, jiya lafiya yau babu, ba faɗuwa ba zubar ruwa, nan nafi zato. Duba agogo da kwanan wata a BIOS ɗin. In kaga ya koma shekarun baya to ƙaramin batirin madabod ne ya mutu, a destof CR2032 ne mai 3 volt kamar kwabo, a laftof yakan zo a naɗe da 'yar waya, kuma in ya mutu saiti yana iya komawa na kamfani. Saiti biyu ne ke haddasa irin naka. Na farko yanayin but, UEFI ko Legacy, wato tsohon salon, wanda wasu ke rubutawa CSM. Windows ɗin da aka ɗora a Legacy akan disk mai tsohon tsarin fatishan na MBR bazai tashi a UEFI zalla ba, wanda aka ɗora a UEFI akan sabon tsarin GPT shima bazai tashi a Legacy ba, kuma tsofaffin laftof da aka sake wa Windows a hannu da yawansu a Legacy aka yi, da saiti ya koma sai "No bootable device". Juya shi zuwa ɗayan ka gwada, a wasu sai ka kashe Secure Boot kafin Legacy ya yarda ya zaɓu. In Windows 11 ne da aka ɗora ta hanyar da ta dace to UEFI ne babu tantama, ka tabbata Windows Boot Manager ne a saman jeri. Na biyu yanayin SATA, AHCI ko RAID ko IDE a tsofaffi, shi in ya canza yawanci Windows yana fara tashi sai ya faɗi da shuɗin allo mai INACCESSIBLE BOOT DEVICE, ka mayar yadda yake a da. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka taɓa, kuma abu ɗaya zaka canza a lokaci guda. Waɗannan canje canjen basa goge komai a disk.

Sai dai akwai BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanan disk dashi. Laftof da yawa na yanzu suna zuwa a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma taɓa Secure Boot ko kai disk ɗin wata kwamfuta zai sa a nemi mabuɗi mai lamba 48. Shiga asusunka na Microsoft ta waya ka nemo shi ka rubuta a takarda tun kafin ka fara, in kwamfutar wurin aiki ce yana hannun masu kula da kwamfutocinsu. In babu lambar nan, disk lafiya lau amma babu mai buɗe shi.

In saiti duk daidai ne, SMART fes, ka kuma kwashe kayanka, sai a zo gyaran fayilolin tashi, waɗanda ɗaukewar wuta a tsakiyar ofdet kan lalata. Tada da filashar Windows, kar ka danna Install, ka zaɓi Repair your computer sannan Startup Repair. In ya gaza akwai bootrec /rebuildbcd da bcdboot ta Command Prompt. Sai duk wannan ya ƙi sannan maganar abokinka ta shigo. Kuma ko a nan akwai abin dariya, laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama in kazo ɗora Windows sai wurin zaɓen disk ya fito fayau babu komai, mutane su ce SSD ya mutu su sayo sabo shima ya ƙi fitowa, alhali direban Intel RST ne babu a filashar, ko ka sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin ka bashi ta Load driver, ko ka kashe VMD a BIOS.

In kuwa ka kai shi wata kwamfuta da wata waya bai fito ba, ko yana ƙas ƙas da isasshiyar wuta, aikin gida ya ƙare. Kar ka saka shi a firiza, raɓa zata taru akan faifan. Kar ka buga shi. Kar ka kwance murfin don ka leƙa, ana buɗe shi ne a wurin da aka tace iska saboda ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba. Canza allon baya da na wani irinsa ma baya yi haka kawai a disk na zamani, akwai ƙaramin cif mai ɗauke da saitin wannan disk ɗin shi kaɗai da sai an ciro an mayar akan sabon allon. Masu wannan sana'ar daban suke da masu gyaran kwamfuta na yau da kullum, kuma aikinsu yana da tsada, kai zaka auna ko abinda ke ciki ya kai. In zaka basu ka tambaya ko hoton disk suke fara ɗauka kafin komai, wanda ya tsaya inda inda akan wannan tambayar ka karɓi kayanka. SSD da kwakwalwarsa ta mutu yafi wuya ma, tunda bayanan a warwatse suke cikin cif cif kuma sau da yawa a kulle.

Ka duba ka dawo min da abu huɗu, samfurin laftof ɗin, sautin da kaji, ko sunan disk ya fito a BIOS da girman da ya nuna, da kwanan watan da ka tarar a ciki.